Ambulan Talatin da Biyu

Tafkin Duluth ya daskare har ƙarƙashin gada,
jiragen tama sun yi shiru sai ƙanƙara ta saki.
Ni kuwa ina teburin kicin tun la'asar
da almakashi, da gam, da gahawar da ta huce,
ina neman kalma bakwai da za su ɗauki cikin wata bakwai.

Linnea ta ce ban da shuɗi, ban da ruwan hoda.
Likita ya sani, ita ba ta so a faɗa mata.
Na zaɓi kore, na ganyen da sanyi ba ya kaɗewa,
na zana 'yar safa ɗaya tal a kan igiyar shanya.
Mijina Torvald ya leƙo: ina ta ɗaya ƙafar?
Na ce ƙafar tana hanya.

Na rubuta: Ku zo mu tari jariri.
Na goge.
Wanda bai sauka ba, wa ya san ranarsa?
Na rubuta: Ku zo ku taya mu jiran baƙo.
Wannan na bari.
Asabar, ƙarfe biyu, zauren ƙasan coci, ƙofar gefe.
A zo da littafin yara, ko da tsoho ne.
Na'urar bugawa ta ci takarda uku tana tari,
ta huɗu ta fito sumul.

Abin da ban faɗa ba yana saman kabad
cikin kwalin takalmi, shekara biyu ke nan:
ambulan talatin da biyu, adireshi da hannuna,
kan sarki manne a kowace kusurwa.
Katin wancan karon, agwagwa ce rawaya.
Litinin na shirya zuwa gidan waya.
Daren Lahadi aka kira ni asibiti.
Tun daga nan ba wanda ya taka kujera ya leƙa sama,
ko ƙurar ba mu taɓa ba.

Shi ya sa bana na sayo sababbi, na yi gum.

Sai ga ta da almuru tana haki a matakala
cikin rigar sanyin mijinta, tata ta daina rufuwa.
Ta ga safar, ta yi dariya har da dafa bango.
Sannan ta ɗaga kai.
Solveig, sauko min da kwalin can.

Na ce ai akwai sababbi.
Ta ce kan sarki ba ya ruɓewa, kuɗi muka sa.
Haka mahaifiyarmu take in kuka ya taso mata,
sai ta koma lissafi.

Muka zauna, tana zare agwagi, ina zura safa.
Ba ta kai su shara ba,
ta tara su a cinya tana daidaita gefensu.
Wasu adireshin sun tsufa.
Maren ta koma Fargo.
Mutanen gidan Haugen sun rabu, yanzu kati biyu za su ci.
Gwaggo Ingeborg kuwa ta ƙaura
inda ɗan aike ba ya zuwa.
Ambulan ɗinta Linnea ta bar wa agwagwarsa,
ta lashi bakin, ta rufe, ta sa a aljihu.
Ban tambaya ba.

Akwatin wasiƙu na kusurwar titi,
dusar ƙanƙara ta ɗaura masa hula.
Muka taka sannu, ina riƙe da gwiwar hannunta
kamar mai kai ƙwai kasuwa a kan santsi.
Ta ja murfin, ƙarfen ya yi ƙugi.
Ta tsaya da damin a bakin ramin
har motoci biyu suka wuce,
numfashinmu na tashi fari a ƙarƙashin fitila.

Ta saki.

Abin da ya faɗa can ba ya dawowa, sai dai ya isa.

Wash, in ji ta, ta fizgi hannuna ta ɗora a cikinta.
Ta cikin riga uku na ji shurin,
sau ɗaya, da ƙarfi, daidai tafin hannuna.

Sai na gaya wa Torvald
na ji ɗaya ƙafar.